Abin da Ke Kan Reshen Tsamiya

Rusairis, farkon Rajab

Zuwa ga yayata Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina fatan an sako wa hawasha, gonarku ta noman rani, ruwa bana kafin alkamar ta ƙone, ba bayan ta ƙone ba kamar yadda aka saba.

Takardarki ta iso ta hannun Uzairu direba, ta sha gumi da ƙura. Tawadar da kike rubutu da ita ruwa ce zalla. Ki sayi biro na kirki, ki kuma ƙara wa baƙin girma. Na amsa miki da Hausa kamar kullum, domin jikokinki masu buɗe saƙon mutane ba su san ko alif na harshen kakanninsu ba.

Kin ce 'yarki tana roƙo in raka malaminta, Diktor Sharfuddeen, da ɗalibansa zuwa dajin Dinder, in zama musu jagora, tunda na yi aiki a can. Kin ce gurbi ɗaya ne a cibiyar binciken namun dajin da take a Madani, za a ɗauki mutum guda daga cikinsu ya zauna da aiki, sauran kowa ya kama gabansa, kuma a wannan tafiya diktor zai duba wanda ya fi ido. Na gane. An tuna da ni ne saboda jagoran gwamnati sai an sallame shi, ni kuwa shayi ya ishe ni.

Ko ta gaya wa diktor ɗin wane ne ubanta? Ko ta ce masa a kasuwar Rusairis ba a san Ustaz Abdulmuttalib ba, sai Abu Dabib, uban maciji? Ke kin san labarin, amma bari in maimaita, don na lura duk wanda ya san shi ya san shi ne a karkace. Ina saurayi, da digirina sabo, na ga wani maciji a kan tsamiya a bakin busasshen kogin dajin nan. Siriri ne kamar ƙirare, launinsa launin busasshen reshe, ba ya motsi sai irin motsin da iska ke sa reshe ya yi. Littattafanmu ba su ce akwai shi a ƙasar nan ba. Na rubuta rahoto. Shugaban ofishinmu ya karanta shi a gaban jama'a yana dariya, ya ce Bahaushe ko ya je jami'a sai ya ga aljani a kan itace. Na nace, na yi ta komawa gindin tsamiyar ina barin aikin da aka sa ni, har suka gaji suka sallame ni. A shekarar ce aka yaye yarinyar, kika zo kika ɗauke ta, kamar yadda ake ba gwaggo riƙon 'yar fari. Daga nan sai allo da alli a makarantun ƙauye har ƙarfi ya ƙare.

Zan je. Ba don ita ba, ba don diktor ba. Ina so in ga ko ɓaunar da na bari tana nan, ko makiyaya sun cinye dajin.

Jiya a kasuwa na ji muryar Alhaji Ɗanjuma, wanda a da yake gane saniyarsa daga ƙetaren kogi. Jansa ake yi da sanda, masu raksha, keken haya mai ƙafa uku, na daka masa tsawa ya ba su hanya, shi kuma yana ta cewa ma'alesh, ma'alesh, a yi haƙuri. Ranar da kika ji an ja ni haka, ki sa a fara haƙa kabari.

Ki gaida wanda ya tambaye ni, in akwai. Wassalam.

Ƙaninki,
Abdulmuttalib

*

Rusairis, ƙarshen Rajab

Zuwa ga yayata Mairama,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya. Na dawo, ƙafafuna sun kumbura, bayana kuma kamar an taka shi da tarakta.

Na san 'yarki ta riga ni isowa da nata labarin, ko da nata shirun. Ga nawa.

Dajin yana nan, amma ya rame. Mun ga ɓauna a fadama, mun ga gwambaza da kwanta-rafi, mugun dawa kuwa har ya gundure mu. Birai sun sace mana burodi. Ɗaliban nan ba sa kallon daji, waya suke kallo, wayar ita ke kallon musu dajin. Akwai wani Ayman a cikinsu, ɗan gidan masu shaguna a Madani, da takalmi mai tsada da baki mai zaƙi. Duk tsuntsun da ya tashi sai ya faɗi sunansa da Turanci, rabi daidai rabi ƙarya, diktor yana gyaɗa kai. Diktor ɗin kansa ba laifi. Yana girmama ni irin girmamawar da ake yi wa tsohuwar mota, a shafa ta a ce a zamaninta ta yi gudu.

'Yarki ba ta magana da yawa. Ita ke dafa shayi, ita ke fara tashi. Na lura kullum tana tafiya ta gefen haguna, tana cewa akwai rami, akwai ƙaya, kamar ban taka dajin nan ba tun ba a san za a haife ta ba. Na ce ta daina, ta daina.

Ranar da za mu juyo, da hantsi, diktor ya ce in kai su inda na ga macijin nan nawa. Ashe ya san labarin. Ya faɗa da murmushi, ɗaliban suka dubi juna. Na kai su. Tsohuwar tsamiyar ta faɗi, amma akwai 'yan'uwanta a bakin yashin, da goruba a bayansu. Muka zauna a inuwa ana shan ruwa.

Sai na ji yarinyar ta matso gefena. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, da Hausa, don kada sauran su ji:

"Baba. Ga naka nan."

Ta nuna da haɓa. Reshen bai fi kamu uku daga fuskata ba. Ta ɗaga waya a hankali ta ɗauki hoto, sannan ta kira diktor da Larabci. Kafin ya taso, Ayman ya riga shi, yana tambaya ina, ina, ya kai sanda ya girgiza reshen. Ganye ya zubo, ƙirare suka zubo. Aka duba sama, aka duba ƙasa, aka tona ciyawa, babu kome. Aka karɓi wayar aka zagaya da ita hannu-hannu. Rassa ne a cikin hoton, rassa a kan rassa.

Diktor ya juyo gare ni. Ya ce ni ne na fi kowa kusa, ni ne kuma na fi kowa sanin abin da ake nema. Ya ce, "Ya ustaz, ka gan shi?"

Na ce reshe na gani. Na ce masa kada ya ga laifin yarinyar, ciwon gado ne, a gidanmu ƙirare sukan yi mana motsi.

Suka yi dariya, har direban motar. Rabona da in sa mutane dariya da gangan har na manta. Diktor bai yi ba, ya dai rufe littafinsa. Ya tambaye ta ko tana da abin da za ta ƙara. Ta dubi ƙasa ta ce babu. A hanyar dawowa na ji Ayman yana kiranta Bitt Abu Dabib, 'yar uban maciji, sauran suna karɓa masa kamar amshin waƙa.

Kada ki rubuto ki ce me ya sa ban goya mata baya ba. Ke 'yar fari ce, kin san al'adarmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa shaida a gaban mutane. Mu ba irin waɗanda ke tallar 'ya'yansu a kasuwa ba ne. In Hausar ta ɓace a bakin yara, kunyar ba ta ɓace a wurina ba.

Ki shafa mata kai, ke da kika iya. Wassalam.

Abdulmuttalib

*

Daga ƙauyenmu, gabas da Rufa'a
Sha'aban

Zuwa ga Muɗɗalibu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya zo, alkama ta yi kyau, alhamdu lillahi. Ga baƙi na ƙara musu girma kamar yadda ka ce, kowane kamar ƙwan zabo. In ba ka gani ba yanzu kuma sai ka faɗa mini gaskiya.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun a bayan ɗaki don kada ɗiyar ta ga fuskata. Ba ta gaya mini kome ba. Ta dawo ta wanke kayanta, ta share tsakar gida da ba ta buƙatar shara, na ajiye mata kisra, gurasar dawa, ta bushe a faifai. Daga bakinka na ji abin da ya faru, kuma ka faɗe shi kamar mai ba da labarin farauta.

Kai za ka koya mini kunyar ɗan fari? Ni Baba har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Mairama ba, sai dai "ke" ko "waccan". Amma ranar da matar mai gona ta ce na saci auduga a buhu, Baba bai ce uffan ba, ya dai zo ya tsaya a bayana har matar ta gaji ta tafi. Bai yabe ni ba, bai kira sunana ba, tsayuwa kawai ya yi. Wannan ita ce kunya. Kunya shiru ce. Da ka yi shiru da babu mai ganin laifinka. Kai buɗe baki ka yi ka miƙa ɗiyarka ga 'yan dariya, sannan ka zo ka yafa al'ada kamar bargo.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Tana ƙarama yara suka ce mata ubanta mahaukacin maciji ne. Ta fasa wa ɗaya baki, aka kira ni makaranta. Tun daga ranar take tara saɓar macizai a gwangwanin madara, duk wadda ta tsinta a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, wai in ka zo za ta nuna maka. Ka zo, ba ka zauna ba balle ta nuna. Da ta ci jarrabawa kowa ya ce ta karanta likitanci, ta ƙi, ta ce namun daji. Kana tsammani ɓauna ta bi? Gwangwanin yana nan ƙarƙashin gadona na angarib.

Yanzu ga magana. Na sa Sa'id mijin ɗiyata Hafsa ya je Madani ya ga diktor. Mutumin ya ce ba zai ɓoye ba, ita ya so ya ɗauka, don ta fi su haƙuri da lura. Amma aikin na ido ne, kuma ba zai iya ɗaukar wadda ubanta, masanin abin, ya ƙaryata a gabansa ba. Ya ce bai yanke ba tukuna, sai ƙarshen wata. In ka rubuta masa layi biyu cewa mai yiwuwa ta ga abin da kai ba ka gani ba, zai sake dubawa. Layi biyu, Muɗɗalibu. Ba a ce ka yabe ta ba, ba a ce ka kira sunanta ba. Ka ce "yarinyar".

Kuma ni na san abin da ke ƙasa. Da ka zo babbar salla na ba ka jabana, butar gahawa, ka tsiyaya gahawar a kan tire, kofin yana gefe, ka ce tiren ne ya karkace. Ka yi wa turken jaki sallama da magariba. Rubutunka yanzu hawa yake yana gangarowa kamar akuya a gaɓar tur'a. Yanar ido ce gare ka, irin ta Inna. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne, kuma yanzu cire ta ake yi. Ba ka ga macijin ba domin ba ka ga reshen ba ma. Ka faɗi haka kawai, khalas, shi ke nan.

In gurbin nan ya wuce ta, sai koyarwa a wani ƙauye, irin taka. Kai ka san abin da wannan ke mai da mutum.

Ina jiran Uzairu. Allah ya sassauta maka zuciya.

Yayarka,
Mero

*

Rusairis, tsakiyar Sha'aban

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin alkama.

Ashe kin zama likitar ido ban sani ba. Allah ya sanya albarka. Tiren naki a karkace yake tun na aurenki, turken jakin kuma ya fi wasu mutanen gidanki cancantar sallama.

Ba zan rubuta wa diktor ba. In na rubuta cewa ta ga abin da ban gani ba, me na ce? Na ce Abu Dabib, wanda ya ba da aikinsa da sunansa saboda maciji ɗaya, an kawo masa macijin har gaban hancinsa bai gan shi ba. Ayman zai karanta wa abokansa a wurin mai shayi. Kafin azumi labarin ya iso Rusairis a motar Uzairu. A da suna cewa ina ganin abin da babu. Yanzu za su ce ba na ganin abin da ke akwai. Na ɗauki na farkon shekara da shekaru, na saba da nauyinsa. Na biyun ba zan ɗauka ba.

Kin ce koyarwa a ƙauye za ta lalata ta. Ni ta kashe ni? Ga ni ina cin abinci. Ilimi ba a yinsa da roƙo da aika suruki wurin malami. Ni lokacin da aka yi mini dariya wa ya rubuta mini layi biyu? Ke kanki cewa kika yi in bar zancen maciji in nemi gafarar shugaba. In ta ga abin da ta ce ta gani, ta koma ta nemo shi, dajin bai gudu ba. Ni na koma har aka kore ni.

Gwangwanin kuma ki zubar. Saɓa tana jawo kiyashi.

Kada ki sake aiko mini da wannan zance. Ki gaida Hafsa da mijinta mai yawon ofis-ofis. Wassalam.

Abdulmuttalib

*

Wad Madani, daren farko na azumi ya wuce

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka barka da shigowar wata mai alfarma. Allah ya ba ka ikon azumtarsa cikin lafiya. Ka gafarta mini Hausata, a wurin Inna Mero na koyi rubuta ta, ba ta kai taka ba. Wannan ce takarda ta farko da na taɓa rubuta maka kai tsaye. Na san ba haka aka saba ba.

An ba Ayman gurbin. Na taya shi murna. Ni kuma an ce akwai makarantar 'yan mata a wani ƙauye kudu da Sinnar da ke neman mai koyar da kimiyya, zan fara bayan salla. Ban rubuto don in yi ƙorafi ba.

Da farko na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. A mota ina ta tambayar kaina laifin da na yi. Sai Inna Mero ta zaunar da ni ta gaya mini zancen idonka. Da ta faɗa sai kome ya koma wurinsa. Na tuna yadda kake tsayawa ka saurari tsuntsu kafin ka faɗi sunansa, da yadda ka taɓa jikin tsamiyar da hannu kafin ka ce ita ce. Ni ce ban kyauta ba. Na nuna maka abu a gaban mutane, na sa aka tambaye ka abin da ba ka da hanyar amsawa. Da na sani da na yi shiru, mu biyu mu zauna a gindin itacen in riƙa faɗa maka yadda yake. Ka yafe mini. Ni ban riƙe ka da kome ba.

Baba, likitocin ido za su sauka a Madani bayan salla, suna cire yana kyauta. Na sa sunanka. Aikin ba ya daɗewa, kwana ɗaya ake yi da bandeji. Zan zo Rusairis da kaina in ɗauke ka. Za mu fito da sassafe ta bayan gari, ba sai mun bi ta kasuwa ba, ba wanda zai ga kome. In za ka riƙe wani abu, gefen mayafina ya isa, kowa zai ɗauka tafiya kawai muke yi.

In idon ya warke, rani mai zuwa sai mu koma dajin, ni da kai, babu diktor babu ɗalibai. Yana nan, Baba. Ba ka yi ƙarya ba tun farko. Wannan kaɗai na so in gaya maka a gindin tsamiyar.

Ina neman albarkarka.

'Yarka,
Juwairiyya

*

Rusairis, cikin azumi

Ke,

Wa alaikis salam. Na karɓi gaisuwar azumi, Allah ya karɓa mana baki ɗaya.

Takardarki ta zo da yafiya a ciki, ban kuwa aika a sayo mini ita ba. Ke da gwaggonki kun zauna kun yanke mini makanta, kun yi mini kuka, kun sa sunana a layin masu bandeji, har kun zaɓa mini hanyar bayan gari da gefen mayafi. Saura ku saya mini sanda da ƙoƙo.

To saurara, tunda kin ce ke mai lura ce.

Na gan shi. Na riga ki ganinsa. Tun muna zama na gan shi, kina can kina zuba ruwa a kofuna. Yana kwance a reshe na biyu, rabin jikinsa a miƙe cikin iska ba tare da ya jingina da kome ba, yana lilo kaɗan-kaɗan kamar yadda busasshen reshe ke yi. Jikinsa toka-toka da ɗigon baƙi, kamar ɓawon da ya fara ruɓewa. Kansa dogo, mai tsini, samansa kore. Ya zaro harshe sau ɗaya, ja ne, tsininsa baƙi. Idonsa kuwa, wanda ya taɓa ganinsa ba ya mantawa: ruwan zinariya ne, garau, ƙwayar a kwance take kamar ramin makulli. Ya dube ni da shi, na dube shi. Makaho ne zai faɗa miki wannan? Ki je ki tambayi diktor ɗinki ko akwai kuskure a ciki.

Za ki ce to me ya sa na ce reshe ne. Zan gaya miki, don kada ki ƙara ɓata hawayenki.

Macijin nan nawa ne. Na biya kuɗinsa da aikina, da sunana, da mutuncin da zan shiga masallaci da shi ba a taɓa juna da gwiwar hannu ba. Uwarki ta rasu tana matar Abu Dabib. Na tsufa ina koya wa 'ya'yan manoma sassan fure, suna jifan allo da ƙwallon magarya. Sai rana ɗaya yarinya ta zo da waya a hannu, ta zauna a inuwa, ta ɗaga kai, a ce ita ta gano shi? A buga a takarda da sunan diktor a sama, naki a ƙasa, ni kuma a ce "tare da godiya ga jagoranmu"? A ce ashe tsohon yana da gaskiya, Allah sarki, a shafa mini kai? Gaskiyar da ba a ba ni ba ina da ƙarfi, ba na son a ba ni ita sadaka ta hannun 'yar da ban raina ba.

Gwaggonki ta ce saboda ni kika karanta namun daji. Ban roƙe ki ba. Da kin tambaye ni da na ce ki yi likitanci, ko ki yi aure, ko ki sayar da tumatir. Kin bi sawun mutumin da ba ki sani ba, kin iske inda sawun ya ƙare. Makarantar ƙauye ba ta kisa. Za ki koyi yadda ake magana da bango.

Ki cire sunana daga wurin likitocin. Kada ki zo. Idona ƙalau yake, kuma da shi na dube ki a gindin tsamiyar lokacin da suke dariya. Yanzu in kina da sauran yafiya, ki yafe wannan.

Allah ya yi miki albarka, tunda kin nema.

Abdulmuttalib

*

Wad Madani, bayan salla

Baba,

Assalamu alaikum. Barka da salla.

Na karanta. Duk abin da ka faɗa haka littafi ya ce, haka kuma ka gan shi kana saurayi. Amma wanda ke kan tsamiyar ranar nan yana gab da yin saɓa. Idanunsa biyu sun yi fari fat kamar an ɗiga musu nono, babu zinariya, babu ƙwaya. Shi ya sa bai gudu ba har muka zauna a ƙarƙashinsa. Bai dube ka ba, Baba. Ba ya gani. Ban faɗa wa kowa wannan ba, domin ka riga ka yi magana, kuma ba a ƙaryata uba a gaban mutane.

Shi da ya yi saɓa idonsa zai washe. Naka sai an sa wuƙa.

Ban cire sunanka ba. Ba zan zo ba, kamar yadda ka ce. Gobe nake tafiya makarantar. Uzairu zai zo maka ranar Laraba. Motarsa a tashar kasuwa take tsayawa, ka sani, kuma Laraba ce ranar cin kasuwar. Na ce masa ya riƙe maka hannu sosai.

Ka huta lafiya.

Wadda ba ka kiran sunanta